Yadda Ake Kwantar da Fargaba da Mummunan Firgici da Na'urori Ba Tare da Magani ba a Sashen Agajin Gaggawa

Cikin mutanen da ake garzayowa da su sashen agajin gaggawa suna dafe da ƙirji, suna haki, gumi na keto musu, akwai kaso mai yawa da zuciyarsu da huhunsu lafiya lau suke, abin da ya kawo su shi ne mummunan firgicin nan da ke auka wa mutum farat ɗaya har ya tabbatar wa kansa cewa ajalinsa ne ya zo. Wani bincike da aka wallafa a 1996 daga cibiyar kula da ciwon zuciya ta Montiriyal a Kanada ya duba marasa lafiya 441 da suka zo da ciwon ƙirji, ya gano cewa kusan ɗaya cikin huɗu na fama da wannan larura ta firgici, kuma kashi 98 cikin ɗari daga cikinsu likitocin da suka duba su ba su gane ta ba. Ke nan irin wannan mara lafiya ba baƙo ba ne a ɗakin gaggawa, sai dai sau da yawa ana sallamarsa da cewa "ba a ga komai ba", ya tafi gida da tsoronsa, ya dawo bayan 'yan kwanaki.

Hanyar da aka saba bi ita ce allura ko ƙwayar kwantar da hankali irin su diazepam da lorazepam. Suna aiki, kuma akwai ranar da babu makawa sai da su. Amma suna sa barci da jiri, suna kayar da tsofaffi, suna danne numfashi idan suka haɗu da giya ko magungunan ciwo masu ƙarfi, kuma jiki na saurin sabawa da su. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta faɗa a cikin jagoranta na 2011 cewa kada a rubuta wa mai larurar firgici wannan rukunin magunguna, domin sakamakonsu na dogon lokaci bai kai na sauran hanyoyi ba. Akwai kuma wata asarar da ba a cika lissafawa ba: wanda allura ta kwantar da shi yakan fita da yaƙinin cewa ba zai iya tsallake irin wannan hali ba sai da allura. Wannan ne ya sa hankali ya karkata zuwa ga kayan aikin da ke taimaka wa mutum ya sauko da kansa, kuma a kansu wannan jagora zai yi bayani daki-daki.

Abin da ke faruwa a jiki

Ba a iya sarrafa waɗannan na'urori yadda ya kamata sai an fahimci abin da ake so su gyara. Idan firgici ya taso, jiki yana sakin sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya ƙara sauri da zurfi fiye da abin da jiki ke buƙata. Matsalar ba ƙarancin oksijin ba ce, domin jinin irin wannan mutum cike yake da shi. Matsalar ita ce yana fitar da iskar kabon dayokzayid fiye da kima. Da zarar wannan iska ta ragu a jini, jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa sukan tsuke, sai jiri da duhun gani su biyo baya. Sinadarin kalsiyam mai yawo a jini ya ragu, sai leɓɓa da yatsu su fara zugi da sanƙarewa, wani lokaci har yatsun hannu su lanƙwashe su ƙi miƙewa. Mutum ya ga haka, ya ce shanyewar jiki ce ko bugun zuciya, tsoro ya ƙaru, numfashi ya ƙara sauri. Masanin halayyar ɗan Adam David Clark ya bayyana wannan zagaye a 1986 da cewa tushensa mummunar fassarar da mutum ke yi wa alamun jikinsa ne. Yawanci abin yakan kai ƙololuwa cikin kimanin minti 10, ya lafa cikin minti 20 zuwa 30.

Kowace na'ura mai amfani tana katse wannan zagaye ne ta ɗaya daga cikin hanyoyi uku: ko ta rage yawan iskar da mutum ke shaƙa da fitarwa, ko ta zaburar da jijiyar begas wadda ke taka wa zuciya birki, ko kuma ta janye hankalinsa daga sauraren jikinsa. Na'urar da mai sayar da ita bai iya nuna wanne daga cikin waɗannan take yi ba, a yi shakkarta.

Mataki na farko: a tabbatar ba wata cuta ce ta yi shigar firgici ba

Wannan mataki ya fi duk sauran muhimmanci, kuma tsallake shi yana iya jawo asarar rai. Toshewar jijiyar zuciya, gudan jini a huhu, tashin asma, rikicewar bugun zuciya, faɗuwar sukarin jini, hauhawar sukari mai sa jini ya yi tsami, ƙaiƙayin jiki mai tsanani da ke toshe maƙogwaro, cutar da ta bazu cikin jini, yawan aikin maƙoƙo, janyewar giya daga jikin wanda ya saba da ita, da shaƙar hayaƙi mai guba, dukansu suna iya zuwa da haki da bugun ƙirji da tsoron mutuwa. Saboda haka na'urorin farko da za a ɗauko na aune-aune ne.

A maƙala na'urar auna oksijin a yatsa, a auna hawan jini da zafin jiki, a ƙirga numfashi na cikakken minti ɗaya da agogo a hannu, domin ƙiyasi da ido yana yaudara. Lafiyayyen baligi yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. A soki yatsa a duba sukari, kuma duk abin da ya yi ƙasa da miligiram 70 a desilita, wato milimol 3.9 a lita, faɗuwar sukari ce da ke buƙatar gyara nan take. Duk mai ciwon ƙirji a yi masa gwajin ECG, wato zanen bugun zuciya, cikin minti 10 da isowarsa, ko da yana da tsohon tarihin firgici, domin mai firgici ma zuciyarsa na iya kamuwa da ciwo. A saurari huhu, a tambaye shi abin da ya sha, tun daga magungunan buɗe ƙirji irin su salbutamol zuwa abubuwan sha masu yawan kafeyin da miyagun ƙwayoyi.

Na'urar yatsa tana da iyakokin da dole a sani. Lafiyayyen mutum yakan nuna kashi 95 zuwa 100, amma yatsu masu sanyi, rawar hannu da jan farce suna rikita ta. Ga wanda ya shaƙi iskar kabon monokzayid daga hayaƙin inji ko gawayi a rufaffen ɗaki, takan nuna adadi mai kyau alhali jininsa ya gurɓata. Haka kuma wani bincike na Jami'ar Michigan da ya fito a Disambar 2020 ya nuna cewa ƙarancin oksijin da na'urar ta kasa ganowa ya ninka kusan sau uku a baƙar fata idan aka kwatanta da farar fata. Don haka idan lambar ta ce lafiya amma mutum bai yi kama da mai lafiya ba, a yarda da mutumin, a nemi gwajin jini.

Alamun da ke cewa a dakata da batun firgici a ci gaba da bincike sun haɗa da: karo na farko a mutumin da ya manyanta, ciwon ƙirji mai zuwa da motsa jiki ko mai sauka hannu da muƙamuƙi, suma, kumburin ƙafa ɗaya, zazzaɓi, juna biyu ko sabuwar haihuwa, tiyata ko doguwar kwanciya a kwanan nan, rauni a ɓangare ɗaya na jiki, da hakin da bai sassauta ba bayan rabin sa'a.

Mataki na biyu: a gyara wuri, a samar da mutum ɗaya

A kai shi inda hayaniya da haske suka yi sauƙi, a zaunar da shi ya jingina, tafin ƙafarsa a ƙasa, a sassauta abin da ya matse masa wuya da ciki. A rage cincirindon 'yan rakiya zuwa mutum ɗaya mai natsuwa. Ma'aikaci ɗaya ya zauna daidai tsayin idonsa, ya riƙa magana da gajerun jimloli cikin murya mai sanyi. A faɗa masa sakamakon da aka samu da hujja: "Malam, mun duba zanen zuciyarka, lafiya yake. Oksijin ɗinka 99 ne. Wannan zugin yatsu daga saurin numfashi yake, kuma zai tafi idan numfashin ya sauko. Ina nan tare da kai." Kada a ce masa babu abin da ke damunsa, domin abin da yake ji gaskiya ne, kuma wannan kalma tana sa shi ya ga ba a fahimce shi ba. Bayan an nuna masa lambar sau ɗaya, a juya fuskar allon daga gare shi, a rage ƙarar bugun da na'urar ke yi in dai ƙa'idar sa ido ta yarda, saboda mai firgici yana iya kafa wa lamba ido, duk motsinta ya zama sabon tashin hankali.

Kafin a ɗora masa kowace irin na'ura a nemi izininsa, a nuna masa ita, a bar shi ya riƙe ta da hannunsa. Wanda yake jin komai ya kuɓuce masa yana samun sauƙi daga duk abin da ya mayar masa da iko.

Mataki na uku: a ajiye jakar takarda

Tsohuwar dabarar sa mutum ya yi numfashi cikin jakar takarda tana da hikima a tunani, tunda tana mayar masa da iskar da ya fitar, amma tana rage oksijin ɗin da yake shaƙa. A 1989 likitan gaggawa Michael Callaham ya ba da rahoton mutane uku da suka mutu bayan an yi musu wannan dabara bisa zaton firgici ne, alhali ƙarancin oksijin ko ciwon zuciya ne ke damunsu. A ganina wannan kaɗai ya isa a daina ta gaba ɗaya, a asibiti da motar ɗaukar marasa lafiya da gida. Jakar leda kuwa ta fi haɗari, domin tana manne wa hanci da baki. Haka nan kada a sa masa abin rufe hanci da baki na oksijin a bar shi babu iska na gudana da sunan kwaikwayon jakar.

Mataki na huɗu: na'urorin saita numfashi

A nan ne mafi yawan aikin yake, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Kalmar da ke fara zuwa bakin kowa ita ce "ja dogon numfashi", alhali mutumin nan dogon numfashi ne ya jefa shi cikin halin da yake ciki. Abin da ake so shi ne numfashi a hankali kuma mara zurfi, ta hanci, tare da tsawaita fitarwa, domin zuciya tana ƙara sauri kaɗan lokacin shaƙa, tana sassautawa lokacin fitarwa. Wanda ya rage sauri amma ya riƙa cika ƙirjinsa fal a kowane ja, yana nan yana zubar da iskar kabon kamar da.

Mafi sauƙin kayan aiki shi ne mai nuna lokaci: agogo mai sandar daƙiƙa, manhajar waya mai da'irar da ke buɗewa tana tsukewa, ko hannun ma'aikaci yana ɗagawa yana saukewa. Inda ake son kaiwa shi ne shaƙa ta daƙiƙa 4 da fitarwa ta daƙiƙa 6, wato numfashi 6 a minti, amma wanda ke yin 30 ba zai faɗo zuwa 6 a tashi ɗaya ba, kuma tilasta masa yana sa shi jin an shaƙe shi. A fara daga kusa da saurinsa, misali shaƙa daƙiƙa 2 fitarwa 3, a yi minti ɗaya ko biyu a haka, sannan a ƙara zuwa 3 da 4, a ci gaba a hankali. A gaya masa tun farko cewa zai ji kamar iska ba ta ishe shi ba, kuma wannan ji alama ce ta cewa iskar da ya rasa tana dawowa, zai wuce cikin 'yan mintuna. Idan ba a yi masa wannan gargaɗi ba, da ya ji ƙishin iskar nan zai watsar da atisayen ya koma haki. Ya ɗora hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki, ya lura cewa na cikin ne ke motsi kaɗan, na ƙirjin kuma yana kusan tsaye.

Kayan aiki na gaba da wannan shi ne bututun fitar da numfashi. Siririn bututu, ko na roba irin na shan ruwa ko na ƙarfe da ake ratayawa a wuya, yana takura wa iska hanya, sai fitarwar ta tsawaita ba tare da mutum ya yi ƙirga ba, wanda babban taimako ne ga wanda kansa ya ɗaure. Ya shaƙa ta hanci bakinsa a rufe, ya sa bututun a leɓe, ya hura a hankali ba tare da ya kumbura kumatu ko ya yi ƙarfi ba, sannan ya ɗan dakata kafin ya sake shaƙa. In babu bututu, tsuke leɓɓa yana yin kusan wannan aiki. Akwai na'urorin hannu masu batir da aka gina a kan wannan tushe, irin su CalmiGo, wadda fitilunta ke kunnuwa ɗaya bayan ɗaya yayin da mutum ke hura iska, ta yi ɗan girgiza idan fitarwar ta kai tsawon da ake so, kuma tana ɗauke da ƙamshi. Amfaninsu shi ne suna ba ido da hannu da hanci aikin yi lokaci guda. A cire abin ƙamshin ga mai asma ko mai ciwon kai da ƙamshi ke tayarwa, kuma bakin na'urar na mutum ɗaya ne, ba a zagaya da shi.

Na'urar da ta fi dacewa da ainihin matsalar, a ra'ayina, tana nan a yawancin ɗakunan gaggawa masu kayan aiki, sai dai ba a cika tunanin amfani da ita ta wannan fuska ba: ita ce mai auna iskar kabon a ƙarshen numfashi ta siririn bututun hanci, wadda ake kira kafnogiraf. Adadin lafiya a allonta yana tsakanin 35 zuwa 45 a ma'aunin matsin iska na mmHg, mai haki kuwa yakan sauko ƙasa da 30. A wannan karon a juyo masa da allon, a nuna masa lamba ɗaya tak, a ce aikinsa shi ne ya hau da ita sannu a hankali ta hanyar rage sauri da zurfin numfashi. Yayin da lambar ke hawa daga 26 zuwa 30 zuwa 34, zai ji zugin yatsu na raguwa, kuma da idonsa zai ga alaƙar numfashinsa da alamun da suka firgita shi, wanda darasi ne da bayanin baki ba ya koyarwa. Sai dai a riƙe wannan da kyau: ƙarancin wannan lamba ba hujjar firgici ba ne. Tana sauka a gudan jini a huhu, tana sauka a tsamin jini na ciwon sukari, inda saurin numfashin kariya ce da jiki ke yi wa kansa, kuma rage shi cutarwa ne. Shi ya sa ba a zuwa wannan mataki sai an gama na farko.

A kan wannan hikima aka gina Freespira, na'urar gida da hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita don larurar firgici, wadda ta samo asali daga aikin masaniyar halayyar ɗan Adam Alicia Meuret da abokan bincikenta. Ana amfani da ita minti 17 sau biyu a rana har kwana 28, ana saukar da numfashi mako-mako daga 13 a minti zuwa 6. Horo ne na wata guda, ba kayan kashe gobarar wannan dare ba, amma wannan jadawali nata yana tunatar da mu cewa numfashi 6 a minti abu ne da ake koya a hankali.

Mataki na biyar: iska da sanyi a fuska

Ƙaramar fanka ta hannu tana cikin kayan da aka fi rainawa. A riƙe ta kimanin santimita 15 daga fuska, iskar na bugun hanci da baki da kumatu, na kamar minti 5. Sanyin iskar yana taɓa jijiyar ji ta fuska, ƙwaƙwalwa ta karɓi saƙon cewa iska na shiga, sai jin shaƙewa ya ragu. Binciken da masu kula da ƙarancin numfashi a Kambirij suka wallafa a 2010 ya nuna amfaninta ga masu daɗaɗɗen haki na cututtukan huhu da zuciya da daji, kuma a wannan rukuni ne hujjarta ta fi ƙarfi, amma sauƙinta da ƙarancin haɗarinta sun sa ta cancanci gwadawa ga mai firgicin da babban kukansa shi ne iska ba ta isarsa. Kada a kunna ta a buɗaɗɗen ɗaki ga wanda ake zargin yana da cutar da ke yaɗuwa ta iska.

Ƙunshin sanyi ya fi fanka ƙarfi. Idan sanyi ya taɓa goshi da kewayen idanu da saman kumatu, jiki yana amsawa kamar wanda ya nutsa cikin ruwa, jijiyar begas ta rage gudun zuciya cikin daƙiƙoƙi. Masaniyar halayyar ɗan Adam Marsha Linehan ta sanya wannan dabara cikin hanyoyin jure tsananin ƙunci da take koyarwa. A naɗe ƙunshin ƙanƙara ko tsumma mai ruwan sanyi cikin siririn ƙyalle, mutum ya ɗan sunkuya gaba, ya ɗora shi da kansa na daƙiƙa 15 zuwa 30, ya cire, ya koma ga numfashinsa, a maimaita in da buƙata. Riƙe numfashi yana ƙara wa abin ƙarfi, amma ba a tilasta wa mai jin shaƙewa. Ba a yi wa mai ciwon zuciya, mai jinkirin bugu, mai shan magungunan rage bugu irin su atenolol da propranolol, ko wanda sanyi ke fesa wa ƙuraje, kuma a guje shi ga mai sikila tunda sanyi na tayar masa da ciwo. Watsa wa mutum ruwa ba zato ba ya cikin wannan dabara ko kaɗan, firgita shi kawai yake ƙarawa.

Mataki na shida: kayan janye hankali da sauran na'urori

Waɗannan sun fi amfani ga fargabar jira da ta allura da ɗinki fiye da firgicin da ya kai ƙololuwa. Abin sauraro na kunne mai toshe hayaniya, da sauti mai sanyi wanda mara lafiyar ya zaɓa da kansa, yana rage fargaba, kuma nazarin 2013 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya, ya nuna cewa sauraron kiɗa yana rage fargabar masu jiran tiyata. A bar kunne ɗaya a buɗe in ana buƙatar magana da shi. Tabarau na kwamfuta mai shigar da mutum wata duniyar gani ya samo asalinsa wajen rage zafin ciwo daga aikin Hunter Hoffman da David Patterson na Jami'ar Washington da masu ƙunar wuta, kuma yana taimaka wa yara lokacin sa musu layin ƙarin ruwa. Ba a sa wa mai tashin zuciya, mai farfaɗiya, mai rauni a kai, ko wanda firgicinsa ya zo da jin kamar duniya ba gaskiya ba ce, domin zai ƙara nisanta shi da inda yake. Ga yaro mai tsoron allura akwai Buzzy, ƙaramar na'ura mai haɗa girgiza da sanyi, wadda likitar gaggawa ta yara Amy Baxter ta ƙirƙira, ana ɗora ta sama kaɗan da inda za a soka. A Biyana ta Ostiriya an gwada maƙala ƙananan ƙwayoyin matsi a kunnen marasa lafiya cikin motar asibiti, kuma rahoton 2003 ya nuna raguwar fargaba, ko da yake mutanen da aka gwada kaɗan ne.

Bargo mai nauyi, wanda aka saba zaɓa a kimanin kashi 10 cikin ɗari na nauyin mutum, yana kwantar wa wasu da hankali, amma ba na ganin wurinsa a kan ƙirjin mai haki. In za a yi amfani da shi, a ɗora ƙarami a cinya, ga baligin da zai iya cire shi da kansa, ban da ƙananan yara, masu cutar huhu, da wanda ya sha abin sa barci; a 2008 wani yaro ya mutu a Kubek ta Kanada bayan an naɗe shi cikin irin wannan bargo. Na'urorin da ke aika ƙaramar wutar lantarki ta maƙalen kunne, irin su Alpha-Stim, zamansu yana ɗaukar minti 20 zuwa sa'a guda, ba a sa wa mai na'urar saita bugu a ƙirji, kuma a 2021 NICE ta ce hujjar da ake da ita ba ta isa a mayar da Alpha-Stim aikin yau da kullum ba sai an ƙara bincike.

Kada a jibga wa mutum na'urori uku lokaci guda. A zaɓi ɗaya ta numfashi, a ƙara fanka ko sanyi in ya so, a tsaya a nan.

Mataki na bakwai: a auna ko abin yana aiki

Kafin a fara a tambaye shi ya kimanta tsoronsa daga 0 zuwa 10, a rubuta tare da bugun zuciya da yawan numfashi, a sake bayan minti 5 da 10 da 20. Idan lambobi na sauka, a ci gaba, a riƙa faɗa masa cewa shi ne ya sauko da su. Idan bayan minti 20 zuwa 30 babu canji, ko oksijin ya ragu, ko hawan jini ya faɗi, ko hankalinsa ya fara gushewa, a koma mataki na farko a sake bincike tun daga tushe, ciki har da maimaita ECG. Idan an tabbatar firgici ne amma ya yi tsananin da mutum zai cutar da kansa ko ya hana a yi masa gwajin da ya zama dole, likita ya ba da magani, kuma wannan ba gazawa ba ce ga kowa. Bayan kowane mara lafiya a goge fanka, tabarau da abin kunne da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a jefar da bututun baki da na hanci.

Mataki na takwas: kafin ya tafi

A kira larurar da sunanta, a bayyana masa zagayen tsoro da numfashi cikin kalmomi masu sauƙi, a sa shi ya maimaita atisayen sau ɗaya babu na'ura a hannunsa. Wannan na ƙarshe yana da dalili: wasu sukan mayar da na'urar abin dogaro, har ranar da suka manta ta a gida mantuwar kanta ta tayar musu da firgici. A ba shi shawarar yin atisayen minti 5 zuwa 10 sau biyu a rana lokacin da yake cikin natsuwa, ya rage kafeyin da taba, ya kula da barci. A tambaye shi kai tsaye, a keɓe, ko yana fama da baƙin ciki mai tsawo ko tunanin kashe kansa, domin binciken Montiriyal ɗin nan ya sami irin wannan tunani ya fi yawa a tsakanin masu firgici. Wanda abin ke maimaita masa a tura shi ga likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayya, inda jinyar gyaran tunani da ɗabi'a ta CBT da magungunan baƙin ciki da fargaba na rukunin SSRI suke da hujja mai ƙarfi. A rubuta masa a takarda alamun da za su sa ya dawo ba tare da jinkiri ba: ciwon ƙirji da ya bambanta da wanda ya saba ji, suma, haki da bai lafa ba bayan rabin sa'a na atisaye, tari da jini, nauyin harshe ko raunin hannu da ƙafa, sannan a karanta takardar tare da wanda ya rako shi.